Kurmin da Na Ɓoye

Gonar da na gada wurin mahaifina tana gindin wani tudun dutse, arewa da ƙauyenmu, tsakanin Dogarawa da Tajaye. Ba babba ba ce, amma ƙasarta baƙa ce mai laushi, ko damina ta yi gardama ana samun abin sawa a rumbu. Daga samanta, inda tudun ya tsage ruwa ke saukowa, akwai wani ɗan kurmi. Kirya ce da marke da kanya, duk tsofaffi, sun toshe bakin tsagin, ƙarƙashinsu geza da sarƙaƙiya. Ruwan da ya taso daga kan dutse da ƙarfi, in ya shiga cikinsu sai ya rarrabu, ya iso gonata a hankali, ya bar mini ruɓaɓɓen ganye da laka. Daga hanya ba a ganin kurmin, sai mutum ya zagaya hancin dutsen. A lokacin ban san shi ke riƙe da gonar ba. Na ɗauka albarkar mahaifina ce kawai.

A farkon shekarun tamanin, kafin babban farin nan, mota ta kawo wata mata ƙauyenmu daga Yamai. Aikinta binciken itatuwan daji da namun da ke cikinsu. Tana jin Hausa, irin ta gabas, amma tana son wanda ya san daji kuma yake iya karanta lamba. Mai gari ya aiko aka kira ni, don ni kaɗai ne cikin magidanta na taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko.

Yadda na shiga lakwal ɗin ma ya isa ya nuna irin mutanen da muke. Ranar da aka zo rubuta yara, mahaifina ya sa yayyena biyu cikin rumbu ya rufe. Ni aka same ni ina leƙen baƙi ta kan danga, aka rubuta ni. Haka muka tashi. In an zo ƙidayar shanu, a kora rabi bayan dutse. In an tambayi damman hatsi, a faɗi abin da bai kai ba. Ba mu ɗauki wannan ƙarya ba, mun ɗauke shi hankali. Duk abin da ya shiga takarda, a wurinmu ya fita daga hannun mai shi.

Na yi wata da watanni ina yawo da malamar nan. Tana da alluna biyu da tsofaffin jaridu, takan shimfiɗa ganye a tsakani ta ɗaure da igiya. Tana da zaren awo da take zagaya gindin icce da shi, da ƙananan jakunkuna na tara iri, da fensir ɗaure a wuyanta. Kowane icce sai ta tambayi sunansa, da abin da ake yi da shi, sa'an nan ta durƙusa ta duba ƙarƙashinsa ta ce, "Yana da ƴaƴa?" Wato ko akwai ƙananansa da suka tsiro. Sau da yawa babu. Takan tara tsofaffi ta tambaye su rabonsu da ganin barewa ko tuje, su yi ta musu a kan shekara. Har kashin dabba takan tsaya ta farfasa da tsinke.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna, mai saran icce, wanda bakinsa ba ya hutawa. Duk inda ya gan mu sai ya ɗaga murya.

"Kai bawana! Mata tat taho tun daga Yamai tsintar kashin dila, kai kau kana riƙe mata jaka. Wanga shi na amfanin lakwal?"

"Tahi ka wanke gatarinka," in ce da shi. "Kai ko kashin ba a ba ka riƙo."

Malamar takan yi dariya ta ce a tambaye shi sunan iccen da ya fi wahalar samu yanzu. Shi kuwa ya ce kirya, ko maƙera sun rasa gawayinta.

Wata rana a ƙofar mai gari ta shimfiɗa taswira ta yi wa mutane bayani. Ta ce duk inda ta sami tsofaffin itatuwa masu ba da iri za ta yi masa alama da kore. Wurin da aka yi wa alama za a hana sara a cikinsa, a riƙa ɗibar iri ana reno ana rabawa. Ta ce gonar kowa tana nan hannun mai ita, ba wanda zai taɓa. Ni na maimaita wa mutane maganar da Hausarmu, ban rage ban ƙara ba. Amma ban yarda da ita ba. Abin da na gani a zuciyata shi ne shingen waya ya sauko daga kurmin ya haɗiye gonata, da ƴan gandun daji suna kama ni don na sari reshe a inda kakana ya yi sassabe. Tun a wurin na ƙudura ba za ta ga kurmin nan ba.

Na riƙa bi da ita ta doguwar hanya, kan fako, inda babu komai sai tsakuwa da sabara. Mun wuce hancin dutsen ya fi sau biyar. Rannan da hantsi ta tsaya a kan wani kashin dila, ta tona, ta ɗago wasu ƙwallaye a tafin hannunta.

"Wannan na jiya ne," ta ce. "Ƙwallon kanya ne. Ina kanya a nan kusa?"

"Babu, malama. Sai can wajen iyaka, bayan Konni."

"Dilan nan ya ci kanya a Najeriya, ya riƙe cikinsa har nan? Jandarma ba su tsai da shi a hanya ba?"

Na yi dariya, ita ma ta yi. Sai ta miƙe ta nuna hancin dutsen. Cilakowa biyu suna shiga bayansa a daidai lokacin.

"Bayan can fa? Tsuntsayen nan ba dutse suke ci ba."

"Mota ba ta shiga."

"Ƙafa tana shiga."

"Malama, ni aka haifa a nan. Dutse ne da ƙaya. Wallahi babu komai."

Na rantse. Wannan kalmar ita ce ta tsai da ita. Ta dube ni, ta dubi dutsen, ta saki fensirin ya koma kan ƙirjinta. Ta ce, "To, kai ne ɗan gari." Muka juya. Tafiyar da ta rage tsakaninmu da inuwar kanyar ba ta kai a sha fura a tashi ba.

Da yamma na ba taubashina labari. Ya buga cinya ya ce ashe lakwal ba ta gama lalata ni ba. Na kwana ina jin kaina gwani. Bayan wata guda malamar ta gama, ta yi mana sallama, ta bar mini zaren awo ɗaya na tunawa. Ban sake ganinta ba.

Sai fari ya zo. Wanda ya rayu a shekarun nan ba ya bukatar a faɗa masa. Mun shuka sau uku, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Matata ta riƙa tafiya da sauran mata ɗibar anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, mu ci. Shanu suna faɗuwa a bakin rijiya. Maza suka watse, wasu Sakkwato, wasu har bakin teku. Waɗanda suka zauna ba su da abin kai wa kasuwa sai icce.

Wata safiya na je gona duba ko akwai kara da zan kwaso wa awaki, sai na ji sara. Na zagaya hancin dutsen a guje. Babbar mota tana tsaye inda na ce mota ba ta shiga, an share mata hanya. Mutane wajen goma, baƙi da ƴan gari, taubashina a cikinsu. Kirya biyu suna kwance.

"Wa ya ba ku?" na ce. "Wa ya ba ku wurin ga?"

Mai motar ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Na karanta. Izini ne na sara, da hatimi, a duk yankin da ba a hana ba.

Taubashina ya jingina da gatarinsa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Ɗan lakwal, karanta da kyau. Ba kai kac ce babu komi nan ba? To, babu komin muka sara."

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya matso ya rage murya. "Ɗiyana kwana biyu ba su ga tuwo ba. In kana da hatsi ba ni, in aje gatarin yanzu."

Ba ni da shi.

Washegari na tari motar kasuwa a Dogarawa na tafi Birnin Konni, ofishin da ke kula da daji. Na zauna a benci har azahar kafin a shigar da ni wurin wani ma'aikaci mai furfura. Ya saurare ni bai katse ni ba. Ya buɗe kabad ya ɗauko taswira, na gane ta, har da rubutun malamar a gefe. Ya sa yatsa ya bi hanya ya kai gindin tudunmu. Wurin fari fat. Can wajen wasu ƙauyuka kuwa ga ɗigon kore nan da can.

"Malam, a nan an rubuta dutse da ƙaya. An ce ɗan garin da ya raka ta ne ya tabbatar."

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"Kai ne me?"

"Ni ne ɗan garin. Ƙarya na yi mata."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

"To yanzu wace maganar taka zan ɗauka, ta da ko ta yau?"

Na roƙe shi. Na durƙusa a kan siminti, ni magidanci mai ƴaƴa huɗu, na ce ya ba ni ko ƴar takarda ce in kai in nuna. Ya ce ba zai iya soke izini da bakin mutum ɗaya ba, sai ya je ya gani da idonsa, kuma a wannan yunwar ƙauyuka da yawa suna jiransa. Ya yi alkawari zai zo. Na nemi adireshin malamar, ya ce ta tafi ƙarin karatu a waje. Na rubuta mata wasiƙa duk da haka, da Faransancina na aji shida, na bar masa. Ban san inda ta ƙare ba.

Na koma na zauna a kurmin. Kullum da safe in je in tsaya gaban icce, su bar shi su sari na kusa. In koma gaban wancan, su dawo kan wannan. Ba wanda ya taɓa ni. Wani ma yakan ba ni ruwa. Matata ta ce, "Malam, mutane sun fara cewa ka taɓu. Mi ka haɗa ka da iccen da ba naka ba?" Ban iya gaya mata ba. Na ce inuwa nake so.

Ma'aikacin ya cika alkawari. Ya zo a kan babur bayan mako uku. Ya tarar da kututturai da marke guda ɗaya a tsakiya, wanda gatari ya tsallake don ya karkace da yawa. Ya zagaya, ya auna wani kututturen kanya da hannuwansa biyu ba su haɗu ba. Ya shafa wa marken jan fenti, alamar kada a taɓa shi. Ya ce, "Da ta ga wannan wurin..." Bai ƙarasa ba, ya hau babur.

Da na tsaya a nan, da wataƙila Allah ya rufa asiri. Malamar ta sha gaya mini cewa kututturen da saiwarsa ke ƙasa bai mutu ba, in an bar shi zai tofo, kuma saiwar tana riƙe ƙasa ko babu ganye. Na ji wannan da kunnena, har na fassara wa wasu. Amma da bazara ta yi tsanani, rumbu ya zama babu ko ƙwaya, taubashina ya zo ya ce maƙera suna ba da dawa a kan gawayin saiwar kirya. Na ɗauki diga na bi shi. Mu biyu muka tone kututturan nan ɗaya bayan ɗaya, muka ƙone. Marken mai jan fenti kuwa ni na sassare rassansa, yau ɗaya gobe ɗaya, ina kai wa akuyar da ƙaramar ɗiyata ke shan nononta. Akuyar ta rayu, yarinyar ta rayu. Marken bai ƙara yin ganye ba. Har yau in an tambaye ni ko zan sake yin haka, ban san amsar da zan bayar ba. Saiwar dai da hannuna na tone ta.

Da ruwa ya dawo kowa ya yi murna, ni ma na yi. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, na je gona na tarar da wata ƴar tsaga daga bakin dutsen ta shigo cikin shuka, faɗinta bai fi taki ɗaya ba. Na cike ta da kara da ƙasa. Ruwa na biyu ya kwashe, ya ƙara mata zurfi. Kafin kaka tsagar ta zama kwazazzabo, zurfinsa ya kai ƙugu.

Daga nan rayuwata ta koma faɗa da kwazazzabon nan. Na jera duwatsu, ruwa ya mirgine su. Na dasa aguwa a bakinsa, ya ci ƙasar da ke ƙarƙashinta ta faɗa ciki. Na cika buhuna da yashi, na kafa turaku, na saƙa ƙaya. Duk rani ina ɗaukar dutse a ka daga tudu, har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Taubashina ya riƙa zuwa da jakinsa yana taya ni, yana zagina yana ɗauka.

"Bawana, kai da dutse wa za ya gaji?"

"Ɗauka dai."

"Ina ɗauka. Amma ka sani ruwan ga ba ya karanta takarda."

Ya rasu a farkon shekarun casa'in, ciwon ƙirji. Tun daga nan ni kaɗai.

Wajen wannan lokacin aka zo ana koya wa mutane jera duwatsu a kan fako da haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa. Na shiga da ƙarfina, kuma a gonakin wasu abin ya yi amfani, na gani. Nawa ya riga ya wuce nan. Kwazazzabon ya fi tsayin mutum, ya yi rassa kamar yatsu. Wasu samari masu bincike suka zo tare da masu aikin, suna tambayar itatuwan da suka ɓace. Na kai su wurin da ƙafata, na nuna musu ramin kowane kututture, na faɗi sunansa. Suka rubuta. Ɗayansu ya ce da za a sami irin kirya ta wannan ƙasar, wadda ta saba da dutsen nan, da an gwada mayarwa. Ya tambaye ni ko akwai uwar kirya ko guda da ta rage a kusa. Na ce babu. Wannan karon gaskiya ce. Sun kawo mini wasu tsirrai daga wani wuri, na dasa, na yi ta ɗauko musu ruwa daga rijiya. Waɗanda awaki suka bari, ruwa ya tafi da su tare da ƙasar da suke kai.

Zabin daji da muke ji da asuba sun daina kuka. Dila ma ya bar wurin. Ƴaƴan da aka haifa bayan farin suna kiran wajen da sunan rami, ba su san an taɓa yin inuwa a can ba.

Babban ɗana tun yana saurayi yake zuwa cin rani Najeriya, amma duk damina sai ya dawo mu yi noma. Shi zai gaji gonar. Yakan tsaya a bakin kwazazzabon ya ce, "Baba, bana ma ya ci." In ce, "Za mu tare shi." Ya yi aure, matarsa tana gidanmu, yana so ya zauna gida ya daina yawo. Abin da ya rage na gonar a lokacin wani ɗan tsiri ne a gefen gabas, inda baƙar ƙasar ba ta tafi ba. A kansa muka dogara duka.

A ƙarshen shekarun casa'in aka yi wata damina mai ruwa sosai. Hatsin tsirin nan ya yi kyau irin wanda na daɗe ban gani ba, ya fid da kai. Ɗana ya koma wurin aikinsa bayan noma na biyu, zai dawo girbi. Wata ranar Laraba da hantsi hadari ya haɗo daga gabas. Ni da matata muna gonar, tana tsinkar ganyen wake. Muka fake a gindin dutse. Ruwan bai fi awa biyu ba. Na ji ƙarar saukowarsa daga tudu kafin in gan shi, ja wur, da duwatsun da na jera shekara goma yana tafe da su. Ya bugi gefen gabas. Ina kallo bakin gonar ya tsage, ya jinkirta kaɗan, ya kifa ciki da hatsin a tsaye. Sai na bayansa ma ya bi shi. Na fita cikin ruwan ina gudu, ban san abin da zan yi ba in na isa. Matata ta riƙo rigata ta baya da hannu biyu tana cewa, "Malam, don Allah! Malam, ka bar shi!" Muka faɗi tare cikin laka.

A nan zaune, ruwa na dukanmu, na gaya mata. Malamar, da ƙwallon kanya, da rantsuwar. Shekara goma sha wani abu tana dafa mini abinci ba ta sani ba. Ta saurara har na gama. Ta share fuska da gefen zane. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "To yaron fa? Mi za ka ce mishi?"

Abin da ya tsira mun girbe shi ni da ita a yini ɗaya, muka ɗauko a ka. Bayan sallar la'asar na zauna a zaure na yage takarda daga tsohon littafi. Na gaishe shi, na gaya masa uwarsa da matarsa suna lafiya. Na rubuta masa abin da na yi tun daga farko, ban rage ba. Sa'an nan na ce kada ya dawo girbi, an gama. In ya sami wurin zama a can ya zo ya ɗauki matarsa. Damina mai zuwa ma kada ya bar aikinsa saboda noma, don babu inda za mu shuka.

Ranar kasuwa na tafi tashar Dogarawa na ba direban da ke zuwa iyaka. Ya sa wasiƙar a aljihun gaba, ya ce, "Baba, lahiya dai?" Na ce lafiya lau. Na tsaya har motar ta cika ta tashi.